Abin da Alhaja Take Nufi da Ƙirji

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa kakata a addu'a. Ta rasu bayan babbar sallar da ta wuce, a ɗakinta da ke Agege. Masu zuwa gaisuwa suna tambayar me ya same ta, mu kuma muna cewa ciwon ƙirji ne, don haka bakinmu ya saba. Na gaji da wannan amsar. Ita ce ta cinye mana watanni, kuma ba na son ta cinye wa wani gidan.

A unguwarmu ba a ce mata Hajiya, Alhaja Kande ake cewa, har Hausawan ma. A nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, kakanta ne ya zo fataucin goro ya ƙi komawa. Tun kafin a haife ni take suyar waina a ƙofar gida, dab da layin dogo, kuma Yarbancin bakinta ya fi na wasu Yarbawan daɗi. Idan kwandastan danfo, motar hayar nan ta Legas, ya nemi ya danne mata canji, da yarensa take wanke shi tas, har fasinjoji su koma ba ta haƙuri. Ni sunana Rabi, amma 'Yar Turawa take ce mini, wai Hausata an surka ta da ruwa. Ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta zauna ta tare mana wuri. Haka muke, ko a gaban baƙi.

Sai dai wannan matar da ba ta tsoron kwandasta, da zarar Babana ya shigo tsakar gida sai ta zama wata daban. Shi ne ɗanta na fari. Ana yaye shi surukarta ta ɗauke shi, ya girma a ɗakin kakarsa, gida ɗaya da uwarsa amma kamar maƙwabta. Alhaja ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Haruna yake, to ko labarin annabawa take ba mu, in ta iso kan Annabi Haruna sai ta ce ɗan'uwan Annabi Musa. Ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta da safe, tandar waina take kallo ta amsa. In tana da saƙo, ko yana tsaye a gabanta, wajena za ta juyo.

"Ki gaya wa mai shago gishiri ya ƙare."

Shi kuma ya ce, "Ki ce mata za a kawo."

Muna yara dariya abin yake ba mu. Da na girma na gane Baba ba shi da kowa a duniya kamarta, kuma duk rayuwarsa neman hanyar da zai yi mata wani abu da hannunsa yake yi, ba ta bakin ɗan aike ba.

Bayan ƙaramar sallar bara muka fara ganin canji. Ni ina aure a Mile 2, ranar Lahadi nake zuwa, don haka a guntu-guntu na riƙa ganin abin. Ta koma sa babban hijabi ko a bakin wuta, ita da take suya da ɗaurin ƙirji da ɗan mayafi. Tana juya waina amma hannun dama a manne da jikinta. Ɗakinta kullum a turare, har ya yi yawa. Ta hana kowa taɓa wankinta, ta wanke da kanta ta shanya a cikin ɗaki. Na tsokane ta na ce ko wani tsoho ne ya fito, ta ce in ya fito ai ba zai dube ni ba. Daga nan ta ajiye suyar gaba ɗaya, ta ce hayaƙi ne ya fara damunta.

Wata safiya Baba ya same ta jingine da bango ta kasa ɗaga buta. Ya sa Mamata ta tambaye ta. Ita ma Mama suruka ce, akwai kunya tsakaninsu, don haka daga bakin ƙofa ta yi tambayar. Alhaja ta ce, "Ƙirjina ne yake ɗan taɓa ni. Da sauƙi."

Makon farko kyamis aka je. Yaron kyamis ya ce olsa ce, azumi ne ya tayar da ita, ya haɗo farin ruwan magani da ƙwayoyi. Ta sha, ba abin da ya canza. Sai Baba ya rufe shagonsa na Sabo Yaba, abin da ba ya yi sai ranar salla, ya ɗauko keken haya mai ƙafa uku ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan kasuwa. A cikin keken dole suka zauna kujera ɗaya. Mama ta ce da ya dawo har fuskarsa ta yi haske, ko da yake ciwo ne ya kai su.

Likitan namiji ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Yarbanci. Baba ya shiga ya tsaya a bayan kujerarta don ya yi tafinta. Likita ya tambayi inda yake ciwo, ta ce ƙirji, Baba ya juya masa da Turanci yadda kowa zai juya. Likita ya matso da abin sauraron nan nasu, ta naɗe hannuwanta a gaba ta ƙanƙame, sai ya ɗora a bayanta ta saman hijabi. Ya auna jini ya ce ya hau. Ya rubuta magani, ya ce a yi hoton ƙirji. Da ta ji cewa sai an tuɓe ake hoton, ta aiko ni in gaya wa mai shago kada ya ɓata kuɗinsa, ta ji sauƙi.

Haka aka yi ta komawa. Duk zuwa likita ya tambayi jiki, ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Baba ya gaya masa ta ce ta samu sauƙi, likita ya ji daɗi ya ce a ci gaba da maganin. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan. Tsohuwar Bahaushiya ko wuƙa ce a jikinta da sauƙi za ta ce, domin a wajenta addu'a ce, ba rahoto ba. Likitan bai san haka ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Duk da haka ina da ƙorafi a kansa har gobe: mace ta zo maka sau da yawa tana ramewa, ba ka taɓa cewa namijin ya fita a kira nas ta duba ta ba.

Akwai ranar da na bi su. Da aka kira sunanta na miƙe, Baba ya ce, "Zauna ki riƙe mata jaka, ni zan shiga." Na zauna. Na ga yadda ya riƙe mata labule ta wuce, yana kaffa-kaffa da ita kamar ƙwai.

A wannan tsakanin shawara ta yi ta zuwa ta ko'ina. Goggo Larai, ƙanwar Baba da ke aure a Zariya, kullum tana kan waya. Yau ta ce sanyi ne, a dafa tafarnuwa da citta. Gobe ta ce iska ce, ai bakin layin dogo ba ya rasa mutanen ɓoye. An yi rubutu an sha, an yi tofi, an kawo zuma da habbatus sauda. Wata maƙwabciya ta kawo agbo, jiƙon Yarbawan nan mai ɗaci, a robar lemo. Alhaja ba ta ƙin komai. Duk abin da aka miƙo ta karɓa ta sa albarka, in dai ba za a ce ta buɗe jikinta ba. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

Wadda ta tona asirin ita ce Iya Sikira, mai sayar da burodi, ƙawar Alhaja tun suna 'yan mata suna talla a tashar jirgi. Ta yi watanni a Ibadan wajen 'yarta da ta haihu. Ranar wata Lahadi da rana ta dawo, ko gida ba ta sauke kaya sosai ba ta faɗo mana da hayaniyarta. Ita ba ruwanta da tsayawa a bakin ƙofa. Ta kutsa ɗaki ta rungume Alhaja, sai na ji wani ɗan sauti ya fito daga bakin kakata, irin wanda ban taɓa ji ba. Iya Sikira ta sake ta, ta tsaya tana shaƙar iskar ɗakin. Ta dube ni ta ce in ba su wuri, ta turo ƙofa.

Daga waje ina jin su da Yarbanci, Iya Sikira tana faɗa, Alhaja tana cewa ta rage murya. Can na ji kakata ta ce, "O n dun mi." Yana mini ciwo ke nan. Watanni muna tambayarta da Hausa ba ta taɓa faɗin haka ba. Sai aka buɗe ƙofa aka ce in shigo.

Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Nonon dama ne. Ya kumbura ya yi tauri, fatar ta canza, gefe guda ya fashe ya zama gyambo, ta cusa tsumma a kai ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Hammatarta ma duk ƙulli ne. Warin da turaren yake rufewa ke nan. Na zauna a bakin gado.

Na ce, "Alhaja, tun yaushe?"

"Tun kafin azumin bara. Da kamar gyaɗa yake."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta gyara hijabinta a hankali. "Na faɗa mana. Na ce ƙirji."

"Ƙirji daban, wannan daban, Alhaja."

"To a gaban wa zan kira sunansa? Mai shago yana tsaye a kaina."

Mu da muka tashi a Legas, in an ce ƙirji, ƙirjin muke ji. Ita kuwa a tarbiyyarta iyakar inda baki zai iya kaiwa ke nan, sauran sai mai hankali ya ƙarasa da kansa.

Aka rasa mai gaya wa Baba. Mama ta ce ba da ita ba, ni ma bakina ya yi nauyi. Iya Sikira ta ce mu duka ba mu da amfani. Ta jira shi a tsakar gida har ya dawo daga la'asar. Ta goya shi yana jariri, don haka sunansa take kira kai tsaye, da irin Hausarta.

"Aruna, zo nan. Mama naka ba kirji ne yana ciwo ba. Nono ne. Wanda ka sha."

Baba ya tsaya da carbi a hannu. Ta ci gaba da yi masa bayani da Yarbanci, ba ta rage komai ba, har da cewa tsayuwarsa a ɗakin likita ce ta hana ta magana. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan turmin da aka kife.

Washegari muka nufi babban asibiti, ni da ita da Iya Sikira. Baba ya biyo mu a wani keken daban. Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti a Legas ba, Allah kada ya nuna masa. Ana idar da asuba za ka fito, ka tarar wasu sun riga ka. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowace taga ka je a ce ba nan ba ne. Tsohuwa tana zaune a benci tana gyangyaɗi don azaba, wani ma'aikaci yana daka mana tsawa wai mun tare hanya. Ranar farko ba mu ga kowa ba, rana kawai aka ba mu. Amma a layin nan ne wata mata da ban san ta ba ta tashi daga inda take jingina ta ba Alhaja, wata kuma ta nuna mini tagar da ake bi a rage wahala. Ban san sunayensu ba, Allah ya san su.

Da ranarmu ta zo, likitar mace ce, Bayarbiya, ba ta fi ni shekaru da yawa ba. Abin da ta fara tambaya shi ne ko akwai namiji tare da mu, in akwai ya jira a waje. Ba ta san Baba ko ƙofar sashen bai iso ba, yana can gindin bishiya wajen masu keke. Ta durƙusa ta gaida Alhaja da Yarbanci, ta ce mata mama, ta buɗe tsumman da hannunta ba ta ko yamutsa fuska ba. Alhaja ta ba ta labarin ciwon tun daga farko, tiryan-tiryan, har da daren da ya fashe. Ina tsaye ina jin abubuwan da aka yi a gidanmu ban sani ba.

Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka yi hotuna, aka ɗebi jini. Sakamakon ya ɗauki makonni, muna zuwa ana cewa mu dawo. Ranar da ya fito likitar ta ja ni gefe. Kalmarta ta zauna mini a kai har yau: "E don travel." Wato ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi tafiya, ya kai huhu da ƙashin baya. Ta ce da lokacin da yake kamar gyaɗar nan aka zo, da magana ta bambanta. Yanzu aiki ba zai yi amfani ba, sai dai a gwada ƙarin ruwan da ke rage masa gudu, a kuma rage mata zafi.

Kuɗi kuwa sun tafi kamar ana zuba ruwa a kwando. Baba ya sayar da firjin shago, ya karɓo babur ɗin okadar da ya ba wani haya ya sayar. Mijina ya yi abin da zai iya, bai taɓa yi mini gori ba kan komawata Agege da zama. An yi sanarwa a masallacin unguwa, mahauta suka haɗa nasu suka aiko. Wasu tsofaffin masu cin wainarta, direbobi da 'yan dako, suka riƙa zuwa suna ajiye abin da ya sawwaƙa a bakin ƙofa. Wasu 'yan uwan kuma da muke ganin su ne za su fara zuwa, waya ma sai mun kira.

Goggo Larai ta iso daga Zariya da ƙullin magani. Tana jin an yanki nama ta ɗora hannu a ka, ta ce an gama da Alhaja, ai kowa ya san daji ba a sa masa ƙarfe. Na ce mata dajin ya shekara yana cin ta ba ƙarfen da ya taɓa shi. Muka yi ba daɗi, har Mama ta shiga tsakani. Ranar da na fita karɓo magani ta kwaɓa wani baƙin gari ta shafa a gyambon. Kafin in dawo wurin ya ɗau wuta, Alhaja tana cije leɓe tana cewa da sauƙi don kada ran 'yarta ya ɓaci. Na yi fushin da ban taɓa yi da babba ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ita Goggon ce ta riƙa wanke tsummokaran nan da zannuwa kullum har ƙarshe, aikin da ni kaina wani lokaci zuciyata take tashi. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ƙarin ruwan sau biyu aka yi. Ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin komai, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Da lokacin na uku ya zo ta ce ba za ta ba.

"Ku bar ni in san ɗanɗanon kunu kafin in tafi. Ki gaya wa yarinyar nan likita na gode, ta yi iyakar yinta."

Likitar ba ta ja ba. Ta rubuta mana ruwan maganin rage zafi, wanda samunsa ma wani yawon ne, ta ce mu kula da ita a gida. Wata nas a layinmu, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato, ita ta riƙa biyowa kafin ta tafi aiki tana wanke ciwon. Ta koya mini yadda ake jiƙa auduga kafin a cire don kada ta fizgi nama, da wata ƙwaya da ake dakawa a barbaɗa, warin ya ragu. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Alhaja takan ce mata da tana da sauran ɗa namiji da ta riƙe ta a gidan.

Abin da ya fi ciwon damuna a makonnin nan shi ne Baba. Tun ranar da ya zauna a kan turmi bai ƙara zuwa ƙofar ɗakinta ba, ko gaisuwar safe. Ya ajiye benci a bayan tagarta, nan yake zama in ya dawo. Ya sayo duk abin da aka ce, ya miƙo ta hannuna. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana na kai masa abinci ya ture kwanon.

"Rabi, wata nawa ina tsaye a kanta ina toshe mata baki, ni ina ganin biyayya nake yi. Da wace fuskar zan shiga?"

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce ya ji, amma na san bai ji ba. Tsoro ya kama ni. Ita tafiya za ta yi, wannan mun riga mun sallama. Amma in ta tafi a haka, shi zai ɗauki abin nan har kabarinsa.

Na same ta da hantsi bayan an gama wankin ciwo, lokacin da maganin yake sa ta ɗan sake. Na ce, "Alhaja, ki kira shi mana."

"Wa?"

"Kin san wanda nake nufi. Ba ya ci, ba ya barci. Gani yake shi ya jawo."

"In kira shi in ce me? Ku 'yan zamani komai sai an faɗa da baki."

Raina ya ɓaci, na manta da wadda nake magana. Na ce, "Wannan kunyar ta cinye ki muna kallo, yanzu kuma za ki bar ta ta cinye mini uba."

Nan take na fara nadama. Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Bakinki ya fi na kwandasta."

Kwanaki suka wuce, jikin yana ta yin ƙasa. Numfashi ya fara yi mata wuya, sai an jingina ta da matasai. Ranar wata Juma'a da safe, na gama ba ta kunu, ta sha kamar cokali uku, ta ce in ɗaura mata ɗankwali mai kyau. Na ɗaura. Sai ta ce, "Ki gaya wa mai shago ya shigo."

Na fita na gaya masa. Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. Ya tashi, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Na koma gefen gado na tsaya, don na san aikina, ni ce bakin da za a bi.

Ta ce, "Ke kuma fita. Ja ƙofar."

Ni da Mama da Goggo muka zauna a tsakar gida. Ba mu ji komai ba. Ba su daɗe sosai ba ya fito, bai dubi kowa ba, ya tafi bakin famfo ya yi alwala, alhali lokacin salla da saura. Daga ranar ya dawo da bencinsa cikin ɗakin. Shi yake ɗaga ta a gyara matasai, in za a wanke ciwo ya fita, a gama ya dawo. Ba ta fasa cewa a gaya wa mai shago ba, shi ma bai fasa amsawa ta bakina ba. A makon da ya biyo ta cika, da la'asar, kanta a kan cinyar Goggo, Iya Sikira tana riƙe da ƙafarta tana kuka. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya saka wa duk wanda ya taimaka mana.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In tsohuwarku ta ce ƙirji, ko ciki, ko mara, kada ku tsaya a nan. A samu mace wadda ba ta jin kunyarta, jika ko ƙawa, ta rufe ƙofa ta duba da idonta. In an je asibiti, ɗa namiji ya kai ta har ƙofa ya tsaya a waje, komai son da yake mata. Da sauƙin tsofaffi kuma a amsa da amin, sannan a sake tambaya. In ta fi sakewa da wani yaren, a tambaye ta da shi. Ƙullin da bai fi gyaɗa ba, a kai shi asibiti tun yana gyaɗar.

Ban tambayi Baba abin da aka yi a ɗakin nan ba. Bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse, ina tattara tabarmi, shi da kansa ya kira ni ya ce in zauna.

"Na shiga da niyyar in roƙi gafara," in ji shi. "Ban samu na buɗe baki ba. Ta ce in matso, na matso. Ta ce in cire hula."

"Ita da kanta ta ce maka?"

"Da kanta. Na cire. Sai ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, Rabi, har na rasa inda zan sa idona. Sannan ta ce, 'Ashe ka yi furfura.'"

Ya juya hularsa a hannunsa.

"Na ce, 'Na daɗe da yi, Alhaja.' Ta ce, 'Ba wanda ya gaya mini.' Ta ɗora hannunta mai lafiyar a kaina, ta bar shi a nan har ya gaji ya sauka da kansa."